Sanarwar Babi na Tara

Garwa, Alhamis 9 ga Maris 2017

Adda Fati,

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Amma bari in gaishe ki tukuna, kada ki ce ƙanwarki ta lalace gaba ɗaya. Ina fata kina lafiya, ke da 'yan ajinki na Yagwa, kuma ciwon haƙorin nan ya ƙyale ki. Mu nan lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, Baba yana fita kasuwa kullum. Zafi ne dai ya shigo, ruwan randa ma kamar an ɗora shi a wuta.

Adda, shekara biyu ke nan ina son Sulaimanu, mai gyaran moto, wato babur, na tsallaken titinmu, ɗan Inna Achta. Kada ki tsorata, ko magana ba mu taɓa yi ba. Sau ɗaya ya ce mini "sannu 'yar Alhaji", na kasa amsawa, na yi tuntuɓe da dakalinmu. Ta tagar ɗakinmu kawai nake kallonsa idan na dawo daga lise, sakandarenmu.

Kin san ni da littattafan soyayya. To, tun hutun Disamba na fara rubuta nawa. Ina rubutawa a kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, sannan in kwafa da Faransanci in saka a wani shafin Fesbuk da 'yan mata ke saka labarai, da tsohuwar wayar da kika bar mini. Sunana a can Tauraruwar Benuwe. Jarumin labarin mai gyaran moto ne, kuma na kasa canza masa suna, duk sunan da na gwada sai in ji bai dace da shi ba. Na ɗauki hotonsa ta taga, bai sani ba, yana goge hannu da tsumma.

A babi na tara akwai wani mugu, Ilyasu, mai son raba shi da yarinyar. Sai ya buga takardar ƙarya ya manna a gari. Ni kuma don abin ya yi kama da gaske, na haɗa takardar da kaina a waya: hoton Sulaimanu a sama, a ƙasa na rubuta cewa ana neman wannan mutum, yana kai wa mutanen daji, masu bindigar nan, fetur da magani ta hanyar Mayo-Ulo. Na kwaikwayi irin sanarwar hukuma, har na ji daɗin yadda ta fito. A babi na goma sha ɗaya gaskiya za ta bayyana, a wanke shi, a yi aure. Na riga na rubuta shi a kaye, ban dai saka ba.

Wani ya yanke takardar ita kaɗai, ba sunan labari, ba lambar babi, ya tura a Wasap. Ranar Lahadi Mama ta nuna mini ita a wayarta, daga ƙungiyar matan unguwa, tana salati. Sulaimanu kuwa duk Asabar yana zuwa Mayo-Ulo sayen kayan gyara. Shekaranjiya Talata jandarmomi suka zo da mota suka kama shi. Ina tsaye a taga. Bai yi gardama ba, ya dai roƙi a bar shi ya rufe shagon, ba su bari ba. Har yanzu akwai moto ɗaya a kwance a gaban shagon, ba taya.

Kin tuna saƙon da gwamnati ta turo wa kowa a waya a watan Janairu? Wanda ya ce duk wanda ya yaɗa labarin da ba shi da hujja a intanet, wata shida zuwa shekara biyu a gidan yari, da tara mai yawa? Malaminmu Mesiye Dieudonné ya karanta mana shi a aji. Angélique, wadda muke zama benci ɗaya, ta ce to sai a gina gidan yarin da zai ɗauki Garwa duka, aji ya fashe da dariya. Ya yi ta bayani kusan awa guda. Ni littafi nake karantawa a ƙarƙashin tebur. Na ɗauka na 'yan siyasa ne da masu zanga-zangar Bamenda, ina ruwan mai rubuta soyayya?

Kuma Adda, pus ɗin wayar, wato layin, da katin shaidar Baba aka yi masa rajista, tunda ni shekarata sha shida, ba ni da kati.

Don Allah kada ki yi maganar nan a waya, ko a ta Mama. An ce suna saurare. Zan ba Kawu Abakar wannan a ajans, tashar motarsu, kafin motarsa ta tashi, na ce masa darasin lissafi ne. Idan za ki ba ni amsa, kada ki ba shi a hannu, a shagon Baba yake sauke komai. Ki saka cikin kayan abinci, ni ce mai buɗewa.

Me zan yi?

Ƙanwarki,
Lauratu


Yagwa, Asabar 11 ga Maris

Laure,

Wa alaikumussalam. Ina lafiya, haƙori ya lafa, ki gaida Mama da ƙafa. Ga busasshen kifi nan, ki shanya shi da zarar ya iso.

Na karanta takardarki a tsaye a ajans, sai da na nemi benci. Ke wace irin yarinya ce? Ke da ko gaisuwa sai an matso ta daga bakinki, ashe kina can kina buga sanarwar hukuma! Hoton ɗan mutane? Da sunansa? A wannan lokaci da ko tari ka yi kusa da iyaka sai an tambaye ka dalili? Na ba ki waya don ki nemi darasi, ba don ki ɗaure ubanmu ba.

Maganar so kuma ba yau ba. Zan zo hutun Ista, za mu zauna. Amma ki rantse mini a amsarki cewa daga kallo ta taga ba abin da ya wuce. Na karanta layin nan sau uku, hankalina bai kwanta ba.

Yanzu ki saurare ni. Ki goge komai. Shafin, sunan tauraruwar nan taki, hoton, duk abin da ya shafi labarin, kada ki bar ko alama. Ki cire pus ɗin. Kada ki gaya wa Angélique, kada ki gaya wa Mama, bakin Mama ba ya riƙe abu. Baba yana da hawan jini, kin sani.

Shi Sulaimanu tunda bai yi komai ba, za su bincika su sake shi. Kwana biyu uku ne. Ba a riƙe mutum a kan hoton Wasap.

Ki ci abinci. Na san halinki.

Addarki,
Fati


Garwa, Juma'a 17 ga Maris

Adda Fati,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Kifi ya iso, Mama ta ce a yi miki godiya, buhun shinkafar da kika aiko ranar Talata shi ma ya iso. Mu nan da sauƙi dai.

Na rantse da Allah daga kallo ba abin da ya wuce. Har na ji zafin tambayar, amma na san ni na ja.

Na yi yadda kika ce. Ranar Lahadi na goge babi tara ɗin ɗaya bayan ɗaya, da duk abin da masu karatu suka rubuta a ƙasa. Akwai wata a Ngaundere da take rubuta mini "Tauraruwa, kada ki kashe mana Sulaimanu" a ƙarshen kowane babi. Ita ma na goge ta. Na rufe shafin, na karya pus ɗin biyu na jefa a masai. Kika ce duk abin da ya shafi labarin, don haka da nake dafa tuwon rana na cusa kayen cikin murhu. Adda, ki yafe mini, da na ga bangon ya fara naɗewa sai hannuna ya fizgo shi da kansa. Na ƙone a yatsu biyu, na ce wa Mama tukunya ce. Babi huɗu na farko sun tafi. Sauran yana ƙarƙashin katifa yana warin hayaƙi. Zan ƙarasa shi, ki ba ni kwana biyu.

Amma kin ce kwana biyu uku. Yau kwanansa goma.

Inna Achta ta daina suyar ƙosai. Kullum da safe tana ɗaukar kwanon abinci zuwa birgad, ofishin jandarmomi, wani lokaci a karɓa, wani lokaci ta dawo da shi. Ranar Laraba ta shigo gidanmu, ta zauna a tabarmar Mama, ni na kawo mata ruwa. Ta ce: "Sun tambaye shi wa ya ɗauke shi hoton. Ya ce bai sani ba. Suka ce to me ya sa duk garin nan kai aka zaɓa?" Sai ta kama hannuna, wanda ya ƙone, ta ce, "Wayyo 'yata, me ya same ki? Ki shafa zuma." Adda, ita take tausaya mini.

Ta roƙi Baba ya je ya yi wa Sulaimanu shaida, tunda a gabansa yaron ya girma. Jiya Baba ya saka babbar riga ya tafi. Ya dawo ransa a ɓace. Ya ce kumandan ya karɓe shi da mutunci, ya rubuta sunansa da lambar katinsa, ya ce masa suna neman inda takardar ta fara fitowa, kuma irin wannan zargi ba a sakin mutum da shaidar maƙwabci. Muna cin abinci Baba ya ajiye cokali ya ce: "Wanda ya haɗa takardar nan, ko ɗan wane ne, Allah Ya tona shi. Ya kashe yaro da ransa." Mama ta ce amin. Ni ma na ce amin, don duk suna kallona.

Sun rubuta lambar katinsa, Adda. Idan suka bi sawu suka iso kan pus ɗin, sunan da za su gani shi ne na mutumin da ya je ya yi masa shaida. Me za su ɗauka?

Akwai kuma abin da ban gane ba. Shekaranjiya kin kira Mama, na ji tana cewa, "A'a, ba za a buɗe sabon buhu ba sai tsohon ya ƙare, wannan wane irin almubazzaranci ne?" Da ta kashe ta ce wai kin dage Laure ta ɗanɗana shinkafar bana. Ban ce ki kira ba, amma da kika kira, shinkafa ce kawai ta dame ki? Ko kin yi fushi ne har kin daina rubuto mini? Kwana shida ba takarda. Kullum ina bi ta ajans, Kawu Abakar har ya fara tsokanata wai lissafin nan ya fi ƙarfin malama.

A littattafan da nake karantawa, idan aka kama jarumi, a shafi na gaba wani yana zuwa. Ina ta kallon titi ta taga. Moton nan mara taya mai shi ya zo ya ɗauke shi a amalanke.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Lauratu


Yagwa, Litinin 13 ga Maris

Laure ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Ina rubutu da sauri, buhun shinkafa zai bi motar gobe, zan saka wannan a bakinsa.

KADA KI GOGE KOMAI. Idan kin fara, ki tsaya. Na ba ki shawarar tsoro, na yi kuskure, ki yafe mini.

Jiya na kasa zama, na shiga wurin maƙwabciyata Madam Monique, wadda ke aikin rubuta shari'a a kotu. Na ba ta labarin, na ce mata 'yar ajinmu ce. Ta kalle ni ta ce, "Fati, 'yan ajinki shekararsu takwas." Sai na gaya mata gaskiya.

Ga abin da ta ce. Gogewa ba ta ɓoye mutum, kamfanin waya yana da sunan mai pus, in sun nema za su samu. Abin da gogewa take yi shi ne ta ɓatar da hujjar da ke nuna cewa takardar daga cikin ƙagaggen labari ta fito. Wannan hujja ita ce za ta fitar da yaron, ba wata ba. Ta ce zargin taimaka wa mutanen daji ba irin na satar akuya ba ne, ana iya riƙe mutum kwana goma sha biyar a ƙara wasu, kuma in takardunsa suka wuce kotun soja, fito da shi sai an sha wuya.

Na tambaye ta ke fa. Ba ta ɓoye mini ba: saka hoton mutum ba izininsa laifi ne, ko da a cikin labari, haɗa shi da irin wannan zargi kuma ya fi muni. Amma ta ce yarinya 'yar sha shida da ta zo da ƙafarta, da ubanta, da lauya, da kayenta a hannu, ba ɗaya take da wadda aka je aka zaƙulo ba. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na matsa, ta ce ita ba alƙali ba ce.

Don haka sai Baba ya sani, kuma daga gare ki. Zan iya kiransa, amma in ya ji a waya daga nesa, ke kina gabansa, ban san abin da zai faru ba. Na nemi izinin kwana uku wurin direktan makarantarmu, ya ce sai an gama jarrabawa.

Na san bakinki. Za ki tsaya gabansa ki yi ta murza gefen mayafi har ya ce ki tafi. Shi ya sa na dawo miki da takardarki ta farko, tana naɗe cikin wannan. Komai yana ciki, kin faɗe shi fiye da yadda za ki iya faɗa da baki. In magana ta gagara, ki miƙa masa.

Ki tabbata ya sha maganinsa tukuna.

Addarki,
Fati


Garwa, Laraba 22 ga Maris

Adda Fati,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu nan lafiyar jiki dai akwai.

Yau da rana tsohuwar shinkafa ta ƙare. Mama ta ce in farke sabon buhu. Na saka kwano sai na ji leda. Kwana takwas takardarki tana cikin ɗakin ajiya, ina wuce ta safe da yamma, ina jin haushinki. Da na tuna wayar da kika yi wa Mama sai na zauna a kan buhun na rufe baki, ban san ko dariya nake ko kuka ba. Ni na ce ki saka cikin kayan abinci. Ban tuna cewa kifi ne kaɗai ake buɗewa ranar da ya zo ba.

Na karanta layin da kika rubuta da manyan baƙaƙe. Ya zo a makare da kwana goma. Shafin ya tafi, pus yana masai.

Amma ban ƙarasa kayen ba. Sau biyu ina kai shi bakin murhu ina dawowa da shi. Yanzu na fito da shi na duba. Daga babi na biyar zuwa ƙarshe yana nan, gefen ne kawai ya yi baƙi. Kin san yadda aka koya mana tun firamare, kwanan wata a sama da jan biro, a ja layi. Haka na yi wa kowane babi, ban ma san ina yi ba. Babi na tara, 18 ga Fabrairu, har da zanen takardar da fensir, inda na rubuta "nan hoton zai zauna". Babi na goma sha ɗaya, 26 ga Fabrairu, inda Ilyasu ya amsa cewa shi ya ƙirƙira. Duk kafin a kama shi.

Na kuma karya umarninki ɗaya. Jiya a makaranta, tun ban ga takardarki ba, Angélique ta ja ni bayan aji ta ce, "Lauratu, kin ɗauka ni jaka ce? Wa ke rubuta 'idanunsa kamar Benuwe da damina' in ba ke ba? A rédaction ɗin da kika rubuta a aji ma kin saka." Tun babi na biyu ta gane ni. Ta ce ta ɗauki hoton kowane babi a wayarta don ta karanta in kuɗin intanet ya ƙare, da sunan shafin da kwanan wata a jiki, kuma tun da aka kama shi take tsoron gogewa, take tsoron ajiyewa. Na ce mata ta goge. Ta ce, "Wannan karon na saurari Mesiye Dieudonné, ke ce ba ki saurara ba. Ba na gogewa." Allah Ya saka mata da taurin kanta.

Lokaci ya ƙure, Adda. Da safen nan Inna Achta ta gaya wa Mama cewa an ce jibi Juma'a za a wuce da takardunsa. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Ta ce da aka bar ta ta gan shi, abin da ya tambaya shi ne ko masu moto sun karɓi kayansu.

Na buɗe takardata ta farko na sake karantawa. Na ji kamar in nutse. "Shekara biyu ke nan ina son Sulaimanu." Baba zai karanta wannan, da tabarau, a hankali, yana bin layi da yatsa yadda yake yi. Na ɗauko almakashi in yanke wannan sashen, in bar daga maganar kaye zuwa ƙasa. Har na saka bakin almakashin. Sai na ga in na yanke, ba wanda zai gane dalilin da ya sa duk garin nan shi aka zaɓa, kuma tambayar da suke yi masa ke nan kwana goma sha biyar. Amsar tana cikin layin da na fi jin kunya. Kuma da yanke sashe ɗaya aka fara duk wannan. Na mayar da almakashin.

Ban san abin da za a yi mini ba. Wataƙila a cire ni daga lise. Wataƙila abin da saƙon Janairu ya ce. Unguwa duka za ta ji, Inna Achta za ta san hannun da ta ce a shafa wa zuma. Shi kuma zai san wace ce 'yar Alhaji, ba yadda na tsara a kaye ba. Ba na jin zai sake ce mini sannu. Na yi tunanin wannan, ya yi mini zafi, amma bai kai kwana ɗaya na inda yake ba.

Ki gaida Madam Monique, ki tambaye ta sunan lauya a nan Garwa, ki kira wayar Mama da zarar wannan ta iso gare ki. Yanzu ki faɗi komai a waya, ba sauran abin ɓoyewa.

An idar da la'asar. Na ji ƙarar ƙofar zaure, Baba ya shigo, yana tambayar Mama ruwan sanyi. Na ga ta miƙa masa maganinsa, ya haɗiye. Kayen yana hannuna na hagu, ya ɓata mini riga da toka. Wannan zan bar ta a kan katifa, gobe ta bi Kawu Abakar.

Ta farkon kuma yanzu zan kai masa, dukanta.

Ƙanwarki,
Lauratu